Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Zuwa gare ki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, duk da tsakanin ɗakina da naki taku goma ne, kuma yanzu haka ina jiyo ki kina kokawa da zif ɗin akwati. Allah Ya sa ki karanta takardar nan cikin ƙoshin lafiya, Ya kai ki birni lafiya jibi, Ya tsare miki hanya da abin da ke kan hanya.

Kin ga inda na rubuta "gare ki" na tsaya. A nan ya kamata sunanki ya zauna. Sau uku ina ɗora biro ina ɗagewa. Shekara talatin da biyu ke nan da haihuwarki, kuma kin sani, garin nan ma ya sani, bakina bai taɓa kiran ki da sunan nan ba. Ke ce 'yar fari, mu kuma haka muka taso muka tarar, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. "Ke." "Waccan." "Yarinyar nan." Da waɗannan na raine ki.

Jiya da hantsi na yi miki kitson tafiya. Da na gama kika mayar da na'urar ji a kunnenki, kika duba madubi, sannan kika juyo kina dariya, irin dariyar da ake yi don kada a yi kuka.

"Inna," kika ce, "kowa a gidan nan ya sa mini albarka. Baba ya sa, Kawu ya sa, har mai kawo mana ruwa ya sa. Saura ke. Ko sai na zama farfesa?"

Ni kuwa me na yi? Na sunkuya ina tsince gashi daga mataji. Babanki yana gindin darbejiya yana gyara ƙotar fartanya, ya ce, "Ƙyale ta, Dakta. Ni ma shekara talatin da uku ke nan ina bin layi, har yau ba a zo kaina ba." Ƙannenki suka kwashe da dariya, ke ma kika yi. Amma na ga kafaɗarki ta sauka.

Ba zan bari ki hau motar Kano da wannan kafaɗar ba. Ba zan bari ki tafi kina zaton uwarki ba ta taɓa ganinki ba. Abin da baki ya kasa, yau hannu zai gwada, kuma na yi wa kaina alkawari ba zan ajiye biron nan ba sai sunanki ya sauka a kan takarda.

Bari in fara da abin da ya fi mini sauƙi. Mun yi nasara! Ranar da takardar ɗaukar aikinki ta iso, babanki ko hula bai tsaya sawa ba. Ya fita da ita majalisa ya ba mai shayi ya karanta, ya karɓa ya ba liman, ya karɓa ya miƙa wa wani direban Minjibir da shan ruwa kawai ya tsayar da shi. Matan unguwa suka cika gidan nan da guɗa har kaji suka watse. Ni ina madafa, na ba su baya, ina tuƙa tuwon da ya riga ya tuƙu, zuciyata tana bugawa kamar ta amarya ranar kai ta ɗaki. Malamar jami'a! Kuma mai koyar da waɗanda za su je su koyar, mai nuna musu yadda ake ɗaukar aji gaba ɗaya a tafi da shi, da mai ji da kurma, da mai gani da makaho, da mace da namiji, da ɗan mai hali da ɗan da ya shigo aji daga gona da laka a ƙafarsa. Yarinyar da aka taɓa cewa a bar ta a gida ta koyi saƙa, ita ce za ta tsaya gaban ɗaruruwa su yi shiru su saurara. Alhamdu lillahi.

Na yi shekara ashirin da takwas ina riƙe da alli a firamaren garin nan. Ba ni da digirin da zan ƙara miki a kan naki. Abin da nake da shi kurakurai ne, kuma manyan cikinsu a kanki na yi su. Ga su nan, ki tafi da su. Sun fi daddawa da garin ɗanwaken da na ɗaure miki amfani.

Na farkon a tsakar gidan nan ne. Kina shekara shida aka yi wata bazara mai tsanani, zazzaɓi ya kwantar da ke kwana tara. Kika tashi, muka yi sadakar waina, muka ce an rabu lafiya. Ba mu san ya tafi da kunnenki na dama gaba ɗaya ba, ya bar miki na hagu rabi. Ke kuma yarinya, ba ki san abin da ya ɓace ba balle ki faɗa. Sai kika koya wa kanki kallon bakin mutane.

Babanki mutumin kasuwa ne. Tun yana saurayi yake kai gero da wake kasuwar Dawanau, ya saba duk wanda zai yi wa magana sai ya tsaya a gabansa ya zuba masa ido. Don haka shi kina jin sa sarai. Ni fa? Ni, lokacin da yake zuwa zance gidanmu a keke, rake ɗaure a baya, takalmansa na fara sani kafin fuskarsa. Har yau in na rufe ido ina ganin ɗinkin da ke kan na hagun. Irin wannan macen aka ba 'yar fari. In zan aike ki, bango nake kallo, murya ƙasa-ƙasa, "A ɗauko mini muciya." Ki yi zamanki kina wasa da 'yartsanarki ta kara. In sake faɗa. Shiru. Sai in tashi in ɗauko da kaina, ina cewa a raina wannan yarinya taurin kai za ta yi.

Kakarki Iya, Allah Ya jiƙanta, yabona take a gidajen biki. "Ku zo ku ga kunya wajen surukata," in ji ta. "Ko 'yarta rijiya ta faɗa, sai dai ta ce waccan ta faɗa." Mata su yi shewa, ni ina sunkuyar da kai, daɗi yana ratsa ni.

Ba zagin abin da muka gada nake ba. Kunya ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma ni na riƙe ta har ta zama katanga tsakanina da yarinyar da ba ta da hanyar jina sai ta fuskata. Saboda haka, in kin shiga babban ɗakin lacca, ki ba ɗalibanki fuskarki. Kada ki yi wa allo magana. Ki rubuta, ki juyo, sannan ki faɗa. Kuma duk wanda kika ga kamar ya raina ki, ko ya ƙi amsa miki, kafin ki yanke masa hukunci ki zagayo gabansa tukuna.

Kina shekara tara kika faɗo ajina, aji huɗu. Na roƙi hedimasta ya sauya, ya ce malamai ba su isa ba. Ranar farko na kama ki na kai benci na ƙarshe, jikin bango, kusa da tagar da awaki ke leƙowa, don kada a ce Malama ta fifita 'yarta. Rajista kuwa, ina kiran suna ɗaya bayan ɗaya ana amsawa, in na iso naki sai in yi shiru. In saci kallo ta wutsiyar ido, in ga ɗankwalinki, in ja alama in wuce. Yara ba sa barin abu ya wuce su. Kafin wata ya ƙare sun raɗa miki "Ba-suna". Na ji suna kiran ki da shi a fili, na yi kamar ina goge allo.

Koyarwata kuma yadda aka koya mini ce. In faɗa, su amsa gaba ɗaya.

"Bakwai sau shida?"

Aji ya ɗauka kamar kwanon rufi zai tashi.

"Kun gane?"

"Eeeh, Malama!"

Wanda ya bi ta bayan makaranta sai ya rantse ba a taɓa malama irina ba. Sifeto ma ya taɓa yaba mini, ya ce ajina yana da rai. Ke kina can baya kina motsa baki daidai da ta kusa da ke. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Daga baya, da na fara tsayar da su ɗai-ɗai, na tarar masu jan amsar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sauran amshi suke yi kamar a waƙar daka.

To ki ji. Aji mai ƙara ba shi ne aji mai ganewa ba. A jami'a an ce mini abin juyawa yake, malami ya ce akwai tambaya, kowa ya yi tsit, ya tattara takardunsa ya fita yana jin ya iya. Duk abu ɗaya ne da "Eh, Malama" ɗina. Za ki samu waɗanda suka fito daga makarantu irin tamu, Turanci yana musu nauyi a baki, su laɓe a layin baya. Za ki samu matar aure da goyo ta zauna bakin ƙofa don in ya yi kuka ta fice. Za ki samu wanda sai abokai sun ɗaga shi ya hau matakala. Ki taka ki je wurinsu. Ki tambayi mutum ɗaya abu ɗaya, ki jira shi ya gama ko da zai yi gumi. Kuma ki koyi sunayensu. Na san suna da yawa. Ki koyi goma a mako, ki fara da na baya. Ni da ban kira naki ba nake gaya miki, na ga abin da rashin kira yake yi wa fuskar yaro.

Yadda aka gano, kin san rabin labarin, sauran rabin a wurina yake. Lokacin cirar gyaɗa ne. Kina tafe a turbar gona da ƙwarya a ka, amalanke ta taho bayanki, shanun sun ƙwace wa mai su, yana ihu iya ƙarfinsa. Ko waiwaye ba ki yi ba. Babanki ya jefar da kwandon hannunsa ya fizgo ki, ƙafar amalanken ta bi ta kan ƙwaryar. Da la'asar, bayan kowa ya natsu, ya ce in fito. Kina zaune kina ɓarar gyaɗa. Ya tsaya ta bayanki, hannun dama, ya buga dutse a jikin galma, ƙarar da ta sa tantabaru suka tashi. Ba ki motsa ba. Ya zagayo gabanki ya durƙusa, ya motsa baki kawai, ba murya ko kaɗan, ya ce ki kawo ruwa. Kika miƙe kika nufi randa.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malama, 'yarki da ido take ji. Shekara uku ke nan. Ke kuwa ba kya kallon ta."

Bai ƙara kalma ba, bai kuma taɓa maimaita mini ba har yau. Da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Na koma madafa na zauna gaban murhun da ba wuta. Washegari ya ɗauke ki kuka tafi asibitin kunne a birni. Ni kuma na shiga aji na ɗago bencinki da hannuna na kawo shi gaba, gefen da kunnenki na hagu zai fuskance ni. Daga ranar na daina ba aji baya ina magana. Abin mamaki, ba ke kaɗai kika farfaɗo ba. Yara da yawa da na ɗauka daƙiƙai ne suka fara buɗe baki. Don ke ɗaya na gyara, ajin duka ya ci riba. Ki gaya wa ɗalibanki wannan, ki ce wata tsohuwar malamar ƙauye ce ta gwada ta gani.

Yanzu ga wanda ya fi nauyi. Wannan ba wanda ya san shi, ko babanki. Waɗancan a jahilci na yi su, wannan kuwa ido buɗe.

Zango biyu da matsowarki gaba aka yi jarrabawar ƙarshen shekara. Na zauna a ofis da rana ina dubawa, na haɗa maki, na sake haɗawa. Ke ce ta ɗaya, kuma da tazara. Zuciyata ta cika har sai da na dafe ƙirji. Sai kuma na fara jin muryoyin matan bakin rijiya tun kafin su yi magana: ta matso da 'yarta gaba, ta ba ta na ɗaya, kurmar ma? Na ɗauki takardarki ta lissafi, wadda ba ki faɗi ko ɗaya ba, na rubuta "rubutu ba kyau" a kusurwa, na zabge miki maki goma sha biyu. Kika koma ta uku.

Ranar ba da sakamako aka kira na ɗaya, aka tafa. Aka kira na biyu. Hedimasta ya kira sunanki kika fito, kika karɓi takardarki, kika duba lissafin, kika duba abin da na rubuta. Sannan kika ɗago kika dube ni. Rubutunki ya fi nawa kyau, mu biyu mun sani. Kika naɗe takardar kika koma wurinki. A hanya aka yi ta yaba mini, wai Malama mai adalci ce, ko 'yar cikinta ba ta ɗaga wa ƙafa. Na amsa gaisuwarsu ina murmushi, na zo gida na kasa cin abinci.

Wannan ba adalci ba ne. Tsoron baki ne na sa masa rigar adalci, na sayi yabo da haƙƙin yarinya 'yar shekara tara. Ki kiyaye wannan fiye da komai, don ke ma zai zo miki. Mutanen garin nan za su turo miki 'ya'yansu, wasu su ce ki ɗaga musu, ke kuma ki ji kamar ki danne su don kada a ce. Manya za su turo nasu. Ɗalibi mai lalura irin taki zai zo, tausayi ya ce ki ƙara masa, tsoro ya ce ki rage. Kada ki ƙara, kada ki rage. Ki ba shi abin da zai sa ya iya shiga jarrabawar kamar kowa, wurin zama ne, lokaci ne, mai karanta masa ne, sannan ki ba shi abin da ya ci daidai. In za ki duba takarda, ki rufe kunnenki ga bakin rijiya.

Ki zazzage ambulan ɗin nan. Akwai wata tsohuwar takarda da ta yi ja, gefenta gara ta taɓa. Ke kika yar da ita bayan rumbu a ranar, ni na tsinta, tana ƙasan adakata shekara ashirin da uku. Ɗazu na ɗauki jan biro na soke abin da na rubuta, na mayar miki da makinki, na sa hannu. Ke ce ta ɗaya a aji huɗu. Na makara da sanarwa, amma malamar ajin tana raye, kuma ta tabbatar.

Saura ɗaya, gajere ne. Kina aji shida aka yi taron malamai kan waɗanda za a rubuta wa jarrabawar shiga sakandare. Wani daga cikinmu, ba zan faɗi sunansa ba tunda ya riga mu gidan gaskiya, ya ce a cire ki. Wai a can ba wanda zai tsaya yana juyo miki fuska, za ki faɗi ki ja wa makaranta abin magana, gara a bar ki a gida ki koyi saƙa. Duka aka juyo ana kallona. Na san kin fi kowa a ajin. Amma 'yar fari ce, ya za a yi in buɗe baki in yabe ta a gaban maza? Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi.

Malama Laraba ce, wadda kika sani da faɗa da bulalar darbejiya, ta buga tebur. "Ku dai ku ji tsoron Allah," ta ce. "Yarinyar da ke gyara muku lissafi a allo? In kun cire ta ku cire ni. Ke kuma," ta juyo kaina, "kunyar taki ki kai ta gida ki dafa, nan makaranta ce." Aka yi dariya, aka bar sunanki a takarda. Da Malama Laraba zazzaɓi ya kama ta a ranar ba ta zo ba, da yanzu kina nan kina saƙa hula, da shiruna ne ya yi miki haka.

Za ki zauna a taruka masu tebur mai sheƙi, inda za a yanke wa yaran da ba sa ɗakin hukunci. Za a ce wannan ba zai iya ba, wancan zai ba mu wahala, gini ba shi da hanyar keken guragu, sai wata shekara. Ke sabuwa ce, mace ce, za ki ji kamar ki bari manya su gama. Na san jinina yana jikinki, na ga yadda kike murza bakin mayafi. A ranar ki tuna ba kullum ake samun Malama Laraba a ɗaki ba. Wata rana ke ce ita. Ki yi sallama, ki girmama na gaba, sannan ki faɗa. Kuma kada ki ja mayafi ki ɓoye na'urar kunnenki don kunya. Wata yarinya a layin baya tana buƙatar ta gan ta a kunnen Dakta.

In kin tura ɗalibanki gwajin koyarwa, ki turo wasu nan. Tagar awakin tana nan, bencin ma yana nan. Ki biyo su ki zauna a baya jikin bango, ki ga ko ana jin su daga can.

To, na zo kan maganar jiya. Kin ce saura ni.

Tun kina shekara goma ba wanda ya taɓa yi miki kitso sai ni in dai kina gida. Kin sha tambaya me ya sa ba na barin ki je gidan mai kitso kamar ƙannenki, in ce hannunta zafi. Ƙarya nake. In za a yi kitso kina cire na'urar ki ajiye a faifai, ki zauna tsakanin ƙafafuna, ki ba ni baya. A nan ne kawai nake da baki. Kowane layi na tsaga da addu'arsa. Wannan Allah Ya buɗa mata karatu. Wannan Allah Ya tsare ta daga masu dariya. Wannan Allah Ya ba ta miji mai kallon fuskarta in yana magana. Wannan Allah Ya ɗora ta inda ba a zata ba. Ranar da za ki tafi makarantar kwana na yi, ranar digirinki na farko na yi, jiya ma layi goma sha huɗu na yi miki, kowanne da tasa, har hawaye ya ɗiga a wuyanki kika ce ko zufa nake. Albarkata a kanki take tafiya shekara ashirin da biyu, a kitse.

Amma ba zan yabi kaina ba. Na san ba kya ji, shi ya sa na zaɓi lokacin. Allah Ya ji, Ya kuma amsa, ga shi muna gani. Ke ce ba ki ji ba, kuma haƙƙinki ne ki ji.

Yau da safe na ce wa babanki zan je duba wake a gona. Na shiga tsakiyar gero inda ya fi ni tsawo, na waiga ba kowa, na gwada kiran sunanki. Karon farko murya ta ƙi fita. Na biyu ya fito kamar na mai mura. Na uku kuwa har tsuntsaye suka tashi. Ashe suna ne mai daɗi a baki. Da na fito sai ga babanki zaune a kan kunyar gero, wai ya biyo ni da ruwa. Ya dube ni, ya dubi geron, ya ce, "Malama, waken ne ya sauya suna?" Na ce ya ba ni hanya. Yana bina a baya yana dariya har gida, yana cewa in an gama da Dakta a tuna da masu bin layi.

Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya sa ki gama lafiya da duk wanda zai zauna a gabanki. Ya ba ki haƙurin jiran mai jinkirin amsa, Ya ba ki ƙarfin magana a inda shiru zai cuci wani. Ya tsare mutuncinki a birni, Ya haɗa ki da abokan aiki na kirki, Ya kai ki lafiya Ya dawo mana da ke lafiya. Abin da na yi miki ba daidai ba, ki yafe mini. Ni ba ki taɓa yi mini komai ba sai abin alfahari.

In kin gama karantawa kada ki tsaya share ido. Ki fito. Ina gindin darbejiya, ba tukunya a gabana, ba mataji a hannuna, kuma na aika a kira Malama Laraba da matan unguwa, don abin da aka ɓoye a gabansu a gabansu za a faɗa. Ki sa na'urar ko kada ki sa, duk ɗaya ne, don fuskata za ki gani. Ki tsaya a gabana ki kalli bakina.

Ramlatu.

Ramlatu, 'yata, ta ɗaya a aji huɗu. Fito, ina kiran ki.

Wassalam,
Innarki.